Hanyar Ruwa da Shagon Baba

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka, kuma waldar madatsar ruwan nan taku ba ta gama cinye maka idanu ba. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Umma ce dai take taɓa ta in gari ya yi sanyi, amma ka san hali, in na ce ta zauna sai ta ce ai zaman ne ciwon. Tana gaishe ka, kuma ta ce in tambaye ka ko can ba a sayar da biro ne. Na ce mata wurin da ko sabis na waya babu, ina zai ga biro.

Bayan haka, ruwa ya sake shigo mana. Ina makaranta aka fara, kafin in iso gida ya kai min ƙwauri a tsakar gida, takardun jarrabawar ɗalibaina da na bari kan tabarma suna yawo. Mu ma da sauƙi. 'Yan ƙasan layi, inda gidajen haya suke, har gadajensu ya hau. Tsoho mai wanki sai da aka goyo matarsa aka fito da ita, ka san ba ta gani yanzu.

Amma wannan karon akwai sabon labari. Ka tuna yadda Baba ya sha zirga-zirga ofishin hukumar birni kan magudanar ruwa, kullum a ce masa ana dubawa? To, an canza tsari. Hukumar ta ce daga yanzu maganar magudana, shara, fitilun layi da irinsu, kowace unguwa ita za ta zauna ta yanke abin da take so. Su nasu su turo injiniya da kayan aiki, amma inda za a yi da abin da za a fara, bakinmu ne.

A ajina aka yi taron farko. Yaya, da ka ga manyan mutane a kan bencin yara, gwiwa har haɓa! Mai Faci ya miƙe zai yi magana, bencin ya biyo shi. Bai fasa ba, ya yi ta zuba har mai kantin magani ya ce masa ya tausaya wa masu hawan jini. Mata da farko a baya suka zauna, amma da aka zo kan ruwa sai ga su a gaba, suka ce su ne masu kwashewa da bokiti, don haka su za a fara ji.

Direban motar kamfaninku da zai tafi da takardar nan yana ta danna min oda a waje, dole in taƙaita. A wajen taron nan unguwa ta tsayar da Umma, kowa ya ɗaga hannu, har Mai Faci. Ta dawo gida ta rufe injin markaɗenta ta shige ɗaki. Maganar shagon Baba na aikin kafinta ma ta taso. Zan yi maka bayani a takarda ta gaba.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Na ga takardarki. Ina lafiya, idanuna ma lafiya, ki gaishe da Umma ki ce ta riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi.

Amma ban gane ba. Kin cika min takarda da labarin benci, sai a layin ƙarshe kike gaya min an tsayar da Umma? Wa ya tsayar da ita? Da wane dalili? Injin nan tun muna yara yake a kusurwar shagon Baba, babu gidan da bai kawo markaɗe ba. Yau ne ƙararsa ta dame su? Matar da mijinta ya rasu ta riƙe kanta da sana'arta, sai a taru a aji a ɗaga hannu a hana ta? Ke kuma kina wurin, kina kallon gwiwar mutane?

Tun da na karanta abinci ya ƙi shiga. Wannan sabon tsarin da kike murna da shi, ni tsoro yake ba ni. Mutumin ofis bai san mu ba, in ya cuce mu ba da gayya ba ne. Amma maƙwabci ya san inda ke maka ciwo. Mai Faci shekara da shekaru yana rigima da Baba kan tayoyin da yake tarawa a bakin shago. Yanzu an miƙa masa wuƙa, kina mamakin ya ɗaga hannu?

Shagon kuma, ki gaya wa duk mai ido a kansa cewa yana da mai shi. Baba da hannunsa ya gina, ni na riƙa miƙa masa bulo. Da bakinsa ya ce nawa ne. Duk wahalar da nake sha a nan, rana a kai ƙarfe a hannu, saboda in dawo in buɗe wajen walda a cikinsa ne, in zauna kusa da ku. In ya kama in ajiye aikin nan in taho, zan taho.

Ki ce wa Umma ta buɗe injinta gobe da safe. Duk wanda ya yi magana ki rubuto min.

Yayanki

*

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Muna lafiya, gwiwa ta yi sauƙi.

Yaya, ka yafe min, laifin gaggawata ce. Da na karanta wa Umma takardarka ta yi dariya har da hawaye, ta ce ashe tana da soja a daji. Ba hana ta sana'a aka yi ba. Tsayar da ita aka yi ta zama wakiliyar layinmu a kwamitin unguwa! Shigewa ɗakin da ta yi kuwa kunya ce da fargaba. Cewa take ita da ba ta iya rubuta sunanta ba, me za ta je ta yi cikin masu tabarau. Injin yana nan yana ta ƙara, yanzu ma da ƙyar nake jin tunanina.

Amma maganar shago gaskiya ce, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba.

Hukuma ta turo mana injiniya, wata mata mai haƙuri. Ta zagaya unguwar a ƙafa, Umma na biye da ita da sanda tana nuna mata inda ruwa ke tsayawa. Sannan ta zana mana hanya biyu a allon ajina. Ta farko miƙaƙƙiya ce, ta ƙofar gidanmu, inda ruwan yake bi tun asali kafin Baba ya fito da shago. In nan aka bi, shagon zai tafi gaba ɗaya, ba abin da za a taɓa sai shi. Ta biyu za ta karkata ta bayanmu ta gangara ƙasan layi. In nan aka bi shago ya tsira, amma za a rushe ɗakin tsoho mai wanki da madafan gidajen hayar da ke jere da shi. Aka tambaye ta wacce ta fi. Ta ce duka biyun za su ɗauke ruwan, ita aikinta ya tsaya a nan, zaɓi namu ne tunda mu za mu ci gaba da zama da juna.

Abin da zai ba ka mamaki, yawancin masu gidaje ta biyu suke so. Suna cewa Baba ya yi wa unguwar nan abin da ba za a saka masa da rusau ba: ƙofofin da ya gyara wa mutane bai karɓi komai ba, bencinan makaranta, ga sauran. 'Yan haya kuma ai masu tafiya ne, in ji su. Ka ga in muka yi shiru kawai, shago ya tsira.

Umma ta kasa barci a kan maganar. Ta ce ita dai ta san abin da zuciyarta ke gaya mata, amma shagon ba nata ba ne, naka ne, ba za ta buɗe baki a taro ba sai ta ji daga gare ka. Ta roƙi a ɗaga zaman yanke shawara, kuma an ɗaga mata zuwa ƙarshen wata. Wuce nan ba zai yiwu ba, don injiniya na so a haƙa kafin ruwan bana ya yi ƙarfi.

Don Allah ka ba mu amsa da motar farko. Duk abin da ka ce, ba wanda zai ga laifinka.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Takardarki ta iso. Na bar muku. Ku yi abin da kuka gani. Kada ku jira ni.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaishe ka. Jikinmu lafiya.

Mun yi ta zuba ido, mota ta zo ta koma ba komai, ta sake zuwa ba komai. Da takardar ta iso kuma, layi biyu, ba ko gaisuwa ga Umma, rubutun ma ba na hannunka ba. Na so in ƙara mata gishiri wajen karantawa, amma ta ga gajartar takardar da idonta. Ta ce in sake karanta mata. Da na zo kan "kada ku jira ni" sai ta ce, "Wato ba zai dawo ba ke nan." Ta tashi ta shiga shago ta zauna kan teburin aikin Baba har la'asar. Ban taɓa ganin ta haka ba tun rasuwarsa. In fushi kake, da ni za ka yi, ni na kawo maka labarin.

Duk da haka hakkinka ne ka san yadda aka yi, don haka ga shi.

Ranar taron aji ya cika har tagogi. Tsoho mai wanki ya zo da rigarsa a goge ƙal, ya tsaya daga bakin ƙofa bai shigo ba. Mai kantin magani, da yake shi ke jagorantar zama, ya ce masa ya ƙaraso. Ya ce, "Ni ɗan haya ne, ban san ko ina da baki a nan ba. Na zo ne dai in ji inda zan kai tsohuwa." Nan fa aka kaure. Wasu suka ce ƙuri'a ta masu gida ce. Wani ya ce in aka ba 'yan haya baki, gobe su za su fi mu yawa.

Sai Umma ta miƙe, ta dafa benci. Ta ce, "Ranar da ruwa ya shigo, ban ga ya tsaya a ƙofar kowa ya tambayi takardar gida ba. Mutumin nan ya riga rabinku zuwa unguwar nan. Rigunan da kuka sa kuka je neman aure, shi ya goge muku." Aka yi dariya. Aka ɗaga hannu, aka amince duk wanda yake kwana a unguwa yana da baki. Tsoho ya shigo, wani ya matsa masa.

Da aka zo kan hanyar ruwa, wani dattijo ya fara jero alheran Baba. Umma ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Na gode. Amma na zauna da mutumin nan fiye da kowa a ɗakin nan. In kuka fitar da makauniya daga ɗakinta da sunansa, ba karrama shi kuka yi ba. Mai shagon ya aiko, ya ce ya bar mana. A bi ta ƙofata." Ta faɗi haka ne, Yaya, alhali tana ganin ɗanta ta rasa a kan maganar.

Ba kowa ya yarda ba. Akwai waɗanda har yanzu suke cewa an yi wa marayu wauta. Amma hanya ta farko ta yi rinjaye.

Sai Mai Faci ya nemi magana, kowa ya ce wayyo. Ya ce shi da marigayi ba su taɓa shiri ba, kuma har gobe yana ganin shi ke da gaskiya kan tayoyin nan. Amma in har yana numfashi, motar rusau ba za ta taɓa ginin kafinta ba, da hannu za a kwance shi. Haka kuwa aka yi. Washegari maza suka fito da tsani da guduma, suka sauke kwanon rufi ɗaya bayan ɗaya, suka cire ƙofa da tagogi ba tare da ko tsagewa ba. Bulon ma aka jera mana a tsakar gida. Teburin Baba sai da ƙarti suka taru kafin ya ɗagu. Suka kafa wa Umma rumfa a cikin gida, suka mai da injin can. Tsoho mai wanki ba shi da ƙarfin ɗaukar komai, sai ya zauna yana miƙe tsofaffin ƙusoshi da dutse yana tarawa a gwangwani, ya kawo wa Umma.

Yanzu inda shago yake rami ne. Ni ma in na fito da safe sai gabana ya faɗi.

Ka rubuto ko da zagi ne.

Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta, da Umma,

Gaisuwa da ban haƙuri. Auta, ki zauna kusa da Umma ki karanta mata wannan a hankali, kada ki tsallake komai.

Umma, ina gaishe ki, ina neman gafararki. Ina nan dawowa. Ko shago ko babu, ina zan je in ba wurinki ba?

Ga abin da ya faru. Ƙarfe mai zafi ya zame min ya ƙone min hannun dama. Kada hankalinki ya tashi, ya warke, ga shi da shi nake rubutu, sai dai layin ya karkace. Ina kwance a ɗakin jinyar kamfani takardar Auta ta same ni, bayan ta yi kwanaki a ofis saboda ruwa ya cinye hanyar shigowa daga ofis zuwa wurinmu. Da na ga wa'adin ya kusa, mota kuma tana shirin tashi, sai na roƙi wani abokin aikina ya rubuta min. Mutumin kirki ne, amma magana a wurinsa kamar da awo ake sayar masa. Na yi masa bayani mai tsawo, har da gaisuwa, ya taƙaice shi a layi biyu ya ruga ya bi mota. Nufina kada ku jira amsata ku rasa lokacin haƙa. Na kuma hana shi faɗin ƙunar don kada ku damu, ashe abin da na jawo ya fi ƙunar.

Amma ba zan ce abin bai yi min ciwo ba. Da na karanta hanya biyun nan, zuciyata ta biyu ta zaɓa nan take. Na ce yawancin masu gidaje ma sun yarda, ni me zai sa in ƙi?

Abin da ya juya ni a nan yake. A ƙasan madatsar da muke ginawa akwai wani ƙauye da ruwa zai rufe in an gama. Ba wanda ya tara su ya tambaye su komai. Wasu mutane ne a wani ofis mai nisa suka ja layi a taswira, aka zo aka shafa jan fenti a bangaye, aka ce su tashi. Daga tagar ɗakin jinya ina hango su suna wucewa da kaya. Na ga wani dattijo ya ɗauko ƙofar ɗakinsa a ka, ƙofar kawai, yana tafiya yana waiwaye. Na tambayi mai jinyarmu inda za a kai su, ya ce shi ma bai sani ba, kuma yana jin su ma ba su sani ba. Ni kuma ga takarda a hannuna, unguwa guda ta ɗaga zamanta tana jiran ra'ayin mai walda da ke wata duniya. Sai na ji kunyar in yi wa tsoho mai wanki abin da ake yi wa dattijon nan.

Auta, na ce miki gara mutumin ofis da maƙwabci. Har yanzu ina ganin maƙwabta na iya zalunci, ai saura kaɗan su yi wa 'yan haya. Sai dai maƙwabci kana iya miƙewa a gabansa ka ce masa bai kyauta ba, ya ji kunya. Waɗannan mutanen ba su ma san ƙofar da za su buga ba.

Umma, maganar da kika yi a taro, na sa an karanta wa 'yan ɗakinmu. Wani ya ce in kin gama da unguwarku a aro musu ke.

Auta, ki je wurin Mai Faci da kanki, ki ce na gode, na kuma janye abin da na faɗa a kansa, ko da yake bai ji ba. Ki gode wa duk wanda ya hau tsani. Teburin Baba ku rufe shi da leda kada ruwa ya taɓa shi.

Naku,
Yaya

*

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya hannu? Umma ta ce in ka sake ɓoye mata ciwo, da kanta za ta hau motar kamfanin ta zo. Takardarka kuwa ta sa na karanta har na haddace. Ranar ta ci abinci kamar an sake ta daga kurkuku.

An gama magudana, an rufe ta da siminti. Shekaranjiya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Duk muka fito ƙofa da lema muna kallo kamar marasa aikin yi. Ruwan ya zo da ƙarfinsa, ya shige, ya wuce. Ko tabarma ba mu ɗaga ba. Da aka ɗauke, sai ga tsoho mai wanki ya riƙo hannun matarsa sun hauro. Ta ce a kai ta wurin Umma. Ta lalubo fuskarta da hannu biyu, ta yi ta sa mata albarka, da kai, da Baba. Ta ce rabonta da ta ji ruwan sama tana kwance ba a tsaye ba, ta manta.

Na isar da saƙonka ga Mai Faci. Ya ce me ka faɗa a kansa? Na ce ai ka janye. Ya ce shi ma ya janye abin da bai faɗa ba tukuna.

Akwai albishir. Kwamiti ya kawo shawara a kwashe jujin da ke bakin layi a yi 'yan rumfunan sana'a a wurin, unguwa ta amince, kuma ta ce wurin farko naka ne. Bai kai shagon Baba girma ba, kada ka sa rai da yawa, amma yana bakin titi.

Yanzu ga wata sabuwa. Wa'adin kwamiti, da yake gajere ne, ya kusa cika, kuma wasu sun kawo shawarar a bar Umma a kujerarta ba tare da wani wa'adi ba, har sai ta gaji da kanta. Tsakanina da kai, ba ta da niyyar gajiya. Matar da ta shige ɗaki don kunya, yanzu in ta fito zagayen layi da sandarta, har masu shara gyara tsayuwa suke. Jiya ni kaina sai da ta yi min faɗa kan na zubar da ruwan wanki a ƙofa, ta ce za ta kai ni gaban kwamiti.

An kuma amince 'yan unguwa da ke aiki a nesa su riƙa aiko da ra'ayinsu a rubuce, a karanta a taro. Don haka kana da baki. Umma ta ce ka aiko da wuri, ta san inda ƙuri'arka take.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga mutanen unguwa, ta hannun ƙanwata,

Ina gaishe ku duka, manya da yara, masu gida da 'yan haya. Ina gode muku kan yadda kuka kwance shagon mahaifina da mutunci, da wurin da kuka ba ni. Allah ya bar zumunci.

Kan maganar kujerar mahaifiyata, ban goyi baya ba. Babu wanda ya fi ni sanin amanarta. Amma abin da muka samu mai kyau shi ne kowa yana da baki, kuma in kujera ta zama ta mutum ɗaya, ko da mutumin kirki ne, sannu a hankali sauran za su koma gida su bar masa. Ta cika wa'adinta, a zaɓi wani, in so samu ne daga ƙasan layi. Ita kuma ta zauna a benci ta riƙa ɗaga hannu kamar kowa.

Auta, wannan na ƙasa naki ne ke kaɗai: in kin ga zai ɓata mata rai sosai, ki fara karanta mata a gida.

Yaya

*

Yayana,

Muna lafiya, da fatan kai ma haka.

Na karanta mata a gida. Ta ce in maimaita. Ta ce, "Shi ya rubuta, ko wancan mai rowar maganar?" Na ce rubutunka ne. Na ce in ba ta so, sai in ce takardar ba ta iso ba. Ta harare ni, ta ce a gidanta ba a ɓoye ƙuri'a.

A taro da kanta ta ce in miƙe in karanta. Na fara a hankali, ta ce in ɗaga murya na baya ba sa ji. Da na gama aka yi ta muhawara, wasu na cewa ɗan yau ne kawai, wasu na cewa ka yi gaskiya. Aka ɗaga hannu, ra'ayinka ya yi rinjaye da kaɗan. Aka zaɓi wata mai ɗinki daga gidajen haya. Umma ta miƙa mata kujera, ta dawo benci kusa da ni, ta zauna tana ƙunƙuni kan tsayinsa. Kafin a tashi ta ɗaga hannu ta yi wa sabuwar wakiliya tambaya kan fitilun layi, tambayar da ta sa matar gumi.

Da muka kai ƙofar gida ta ba ni saƙo zuwa gare ka. Ga saƙonta, ta ce in rubuta yadda ta faɗa:

"Ka gaishe da kanka. Yaron da na goya ya tsige ni daga nesa, a gaban mutane, da takarda. Na ji haushi, kuma har yanzu ina ji. Amma da ana karantawa na duba fuskokin mutane, na ce a raina, wannan ni na haife shi. Allah ya yi maka albarka. Ka dawo da wuri, gwiwata ta huta, bakina ne bai huta ba, kuma kai yake jira."

Ƙanwarka,
Auta